Agogon Baba ya ƙi tafiya tun da muka kwaso shi

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min. Agogon tsaye na marigayi Babanmu ne ya faɗo a rabona, irin dogon nan na katako da ya fi mutum tsayi, mai lilo da ƙarafunan nauyi uku. A bayan injin an rubuta ƙirar Jamus ce. Tun muna yara duk ranar Juma'a Baba ke masa wani, wato ya ɗaga ƙarafunan sama don ya ci gaba da tafiya, kuma duk kwata sai ya buga ƙararrawa. Mun ɗauko shi a akori-kura daga Zariya zuwa Kaduna, yanzu in na kaɗa lilon, minti biyar ya tsaya. Wani mai gyara ya ce a cire injin a sa na batir. Zuciyata ta ƙi yarda wallahi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ji ƙan Baba. Kar ki yarda a cire injin nan. Da farko, kun sauke lilon da ƙarafunan kafin a ɗora shi a mota?

Maman Ilham: Ƙarafunan kawai yaran suka cire, Malam. Lilon yana ciki.

Malam Habu: To nan gizo ke saƙar. Lilon a jikin wani siririn ƙarfe yake rataye can sama, mai laushi kamar reza, jijjigar hanya kan lanƙwasa shi. Ki haska tocila ki duba. In lafiyarsa ƙalau, ki kasa kunne: dole "tik" da "tak" su zo daidai wa daida. In yana ɗingishi, ɗaya na riga ɗaya, to tsayuwarsa ce ta karkace. Ki riƙa cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya har sautin ya daidaita. Sannan ƙarafunan ba nauyinsu ɗaya ba. Idan kina fuskantarsa, mafi nauyi na dama ne, shi ke jan waƙar kwata. Na tsakiya ke tafiyar da lokaci, na hagu ke buga awa.

Abban Sadiq: Ni da na zuba masa man keken ɗinki na huta.

Malam Habu: A'a Alhaji, mai da ƙurar hunturu in suka haɗu su ke cinye ramukan da ƙafafun injin ke juyawa a ciki. Wanko yake so tukuna, sannan ɗigon man agogo da bakin allura.

Anti Bilki: Yar uwa, in ya tashi kika ga yana latti, akwai noti a ƙasan lilon. Ki ɗaga shi sama kaɗan, zai ƙara sauri. Kuma dogon hannun kar ki mai da shi baya, ki tura gaba, ki jira ya gama bugawa a kowace kwata.

Maman Ilham: Malam, na duba! Mai nauyin a hagu yaran suka rataye. Na sauya, na sa kwali biyu. Yau awa uku ke nan bai tsaya ba. Da ya buga ƙarfe huɗu sai da na yi hawaye.

Malam Habu: Alhamdu lillahi. Ki bar shi ya kwana, gobe ki gaya mana minti nawa ya ci ko ya rage.