Ƴar mota mai siffar ta da: wa ya taɓa riƙe ta a Yamai?

Malamar Yantala: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara biyu ina zubin adashi don in huta da tsayuwar jiran taksi. Kuɗi sun kusa cika, amma raina ya ƙi Corolla, ya ƙi Yaris. Waɗannan ƙananan masu zagayayyun fitilu nake so, Fiat 500 ko Mini ko Beetle. Maigida ya ce motocin ɗaukar hoto ne. Daga Yantala zuwa Plateau zan riƙa yi, in sauke yara biyu a makaranta. Wanda ya taɓa riƙe irinta ya faɗa mini gaskiya: sabuwa ko okaziyo, wato ta hannu?

Hajiyar Koira Kano: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tawa Fiat 500 ce ƙirar 2012, inji 1.2, giya ta hannu. Ta Kwatano ta shigo tun kafin a rufe iyakar Benin a 2023. Wajen mai dai sai godiya, kuma inda manyan motoci ke zagaye Babbar Kasuwa suna neman wurin tsayawa, ni sai in cusa ta tsakanin amalanke biyu in yi tafiyata. Amma ki sani ƙofa biyu gare ta. Kullum da safe sai kin fito, kin kwantar da kujera, yara sun shige baya, kin mayar. Ranar wani suna na ɗauko surukata da ƙanwarta, ɗaurin kallabin ƙanwar sai a hannu ta riƙe shi har muka isa, kuma har yau ana yi mini gorin. But ɗinta lita 185 ne, cefane yana shiga, buhun shinkafa kuwa sai an kwantar da kujerar baya.

Mai garajin Lazare: Malama, ki bar kallon fuska, ki tambayi dangin injin. Duk motocin nan rigar da ce kawai suka sa, cikinsu na zamani ne. Fiat 500 ta fito a 2007 tana kwaikwayon ta 1957, amma ƙashinta da injinta na Panda ne. New Beetle da aka fara saidawa a 1998 Golf ce aka yi wa ƙusumbi, don haka kayan ƙafa da na inji da yawa in kika samu na Golf 4 sun zauna. Mini kuwa BMW ta dawo da ita a 2001, kuma wadda ta biyo baya daga ƙarshen 2006 injinta 1.6 tare da Peugeot aka haɗa shi, irinsa ne a cikin wasu 207 da 308. Wannan shi ke raba wanda zai samu kaya a kasuwar feray ta tsofaffin kayan mota da yamma da wanda zai jira wata guda a aiko daga Lome ko Faransa.

Abin da ba ya da dangi shi ne riga: fitila, gilashin gaba, madubi, bamba. Ɗan kabu-kabu ya goge miki fitila, to nan ne za ki san kin sayi mota mai kyau.

In okaziyo ce, ki je da sassafe kafin mai ita ya ɗumama ta. A tada ta a gabanki. Mini ɗin nan sarƙa gare ta a cikin inji mai daidaita aikinsa, in kin ji kwaram-kwaram na ƴan daƙiƙu, sarƙar ta saki. Fiat 1.2 bel gare ta maimakon sarƙa, ki canja shi ranar da kika saya, kada ki yarda da "an canja". A ɗaga ta a duba ƙasa, don gishirin da Turawa ke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Kuma ki ɗauki mai giya ta hannu, kowane yaron garaji ya san ta.

Ɗan Adar: Ni Mini Cooper S nas saya, kuma laihina ne ban buɗe but ba sai ranar da ta ɓaci. Ashe irin wannan ba ta zuwa da tayar sakur, tayoyinta na musamman ne masu tahiya ko iska ya hita. Wanda yas saida min kuwa ya riga ya sa mata na gama-gari bai hwaɗa ba. Munka taso daga Yamai za mu Tawa, tsakanin Dutsi da Ƙonni rami ya yage ta gaba. Awa huɗu muna ƙarƙashin wata bagaruwa, yaro ya tahi bisa babur da tayar. Cikin gari kan gudron daɗinta ba a magana, amma ƙasa take ƙwarai, layin yashi na unguwarmu sai in aje ta bakin titi in taka.

Baban Talaje: Mahaifina ya hau kunkuru, wato Beetle ta asali, inji a baya, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da radiyata. Marmarinta ya sa na sayi New Beetle. Wannan injinta a gaba yake, da ruwa, har da ɗan kaskon fure kusa da sitiyari, inda nake ajiye asuwaki. Maganar sabuwa kuwa ɗiyata, Beetle an daina ƙera ta a Meziko tun 2019. Fiat da Mini ana yi, amma kafin ki biya ki tambaya wa zai cika miki garanti a nan Yamai, ba a takarda ba.

Malamar Yantala: Allah ya saka da alheri. Akwai wata Fiat da aka nuna mini hoto, Asabar zan je. Mai garaji, ko za ka raka ni da na'urar bincike? Layinmu dai laterit ne, amma da damina ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa.

Mai garajin Lazare: In sha Allah, ƙarfe bakwai. Amma sai mun koma da azahar mun kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, yara biyun suna baya. Ki ce wa mai ita za mu shiga da ita har ƙofar gidanki.