Wa ya rushe fadar Kenilworth?

Ɗaliba a Coventry:
Assalamu alaikum jama'a. Na je fadar Kenilworth, nan kusa da Coventry a Ingila. Gini ne na jan dutse, kaurin bangonsa ya wuce misali, amma babu rufi, ciyawa ta fito a inda aka ce babban zaure ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babbar hasumiyar, gefe guda babu bango gaba ɗaya. Tsufa ne ya ci shi ko yaƙi?

Tsohon Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam 'yata. Da gangan aka fasa shi. Bayan yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa, a 1649, majalisa ta sa aka rushe wannan bango don kada magoya bayan sarki su sake fakewa a ciki. Suka kuma fasa madatsar ruwa, tafkin da ya kewaye fadar ya ƙafe. Wannan tafki shi ne ƙarfinta. A 1266 Sarki Henry na Uku ya yi wa 'yan tawaye magoya bayan wani basarake mai suna Simon de Montfort ƙawanya a nan kusan wata shida. Ruwan ya hana a haƙo ƙarƙashin ganuwa, har kwale-kwale aka kawo, abin ya faskara. Yunwa da cuta ne suka fito da su. Wallahi abin yana yi mini ciwo, ginin da ya gagari sarki da rundunarsa, daga baya a zo a fasa shi ba tare da an gwabza ba.

Mai Son Karatu:
Malam, ka tsallake Sarki Edward na Biyu. A wannan fada aka tsare shi, aka tilasta masa ya sauka daga mulki a 1327.

Tsohon Malamin Tarihi:
Gaskiyarka. Zauren da kika gani kuma, 'yata, John na Gaunt, ɗan Sarki Edward na Uku, shi ne ya gina shi bayan 1370.

Hajiyar Birmingham:
Ƙanwata, in kin koma ki hau benen da wani babban bafade mai suna Robert Dudley ya gina saboda Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Ita ta ba shi fadar a 1563, ta kuma yi kwana 19 a wurin a 1575, yana ta wasan wuta da shagali don neman aurenta. Ba ta aure shi ba. Yanzu an saka matakala a ciki, za ki iya tsayawa daidai tagar ɗakin da ta kwana.