Mai wankin ƙoda zai iya zuwa hutu Masar?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara sittin, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako a nan Kano, ta jijiyar da aka haɗa masa a hannun hagu. Ƙanwata da ke aure a Alƙahira ta matsa a kai shi ya huta wajenta na mako biyu, shi ma ransa yana so, domin tun da aka fara wankin ko Zariya bai taka ba. Kan yayyena ya rabu: wasu na ganin kasada ce, wasu kuwa na cewa ai jirgi ne kai tsaye daga Kano. Shin ana yin irin wannan tafiya, kuma ta ina ake farawa?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi aiki a sashen wankin ƙoda. Ana yin tafiyar, muddin likitansa ya gamsu da hawan jininsa, yawan jininsa da lafiyar zuciyarsa. Sai dai kada ku sayi tikiti sai kun sami cibiyar da ta amince a rubuce cewa ta ware masa inji a ranaku kaza da ƙarfe kaza, domin ranakun wanki ne za su tsara tafiyar, ba farashin jirgi ba.

Ku fara tuntuɓarsu aƙalla makonni shida kafin tashi. Za su nemi rahoton likita, da takardar yadda ake yi masa wankin: awa nawa yake yi a kan inji, nauyin da ake so ya sauka da shi, irin matatar da ake sa masa, da adadin maganin hana daskarewar jini. Za kuma su nemi sabon sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na HIV, saboda mai nau'in B injinsa daban ne, kuma ba kowace cibiya ce ke da shi ba. Ku lura cewa Juma'a ranar hutu ce a Masar, kuma cibiyoyi da yawa ba sa wanki a ranar. A yi masa wanki a Kano ana gobe tafiya, sannan na farko a can kada ya wuce kwana biyu da sauka.

Magungunansa duka su shiga jakar hannu tare da wasiƙar likita. Allurar ƙarin jini tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka a sa ta cikin ƙaramar kula, amma kada ta daskare. Hannun hagun nan kuma kada ya rataya jaka da shi, kada wani ya auna masa hawan jini a nan.

Alhaji Na Kwari:
Na taɓa raka mahaifiyata irin wannan tafiya, kuma abin da zan ƙara shi ne batun kuɗi. Yawancin inshorar tafiye-tafiye ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, saboda haka daga aljihunku za ku biya. Ku sa ƙanwarku ta je da ƙafarta ta ga wurin, ta tambayi farashin baƙo, ta kuma ji ko allura da gwaji suna ciki. Ku ware kuɗin wanki biyu na ko-ta-kwana, domin jirgi kan ɗaga tashi.

Malam Na Fagge:
Ku yi haƙuri, ni ina tare da yayyenku masu ɗari-ɗari. Abin da aka saba a duniya shi ne wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Tsada ce ta sa yawancin mutanenmu ke tsayawa a biyu. Wanda yake kan biyu ba shi da rarar da zai ce ya tsallake ɗaya. Hatta hukumomin Saudiyya sun sa mai wankin ƙoda cikin waɗanda ba a yarda su je aikin Hajji ba. Me zai hana ƙanwar taku ta zo Kano?

Maman Hanifa:
Malam, maganarka tana kan hanya, sai dai Hajji akwai cunkoso da zafin rana da doguwar tafiyar ƙasa, wanda ba haka zaman gidan 'ya yake ba. Idan da hali, a nemi likita ya mayar da shi sau uku na waɗannan makonnin.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne karamcin masu masauki. Za a jere masa dabino, da lemon mangwaro, da dafaffen waken da Misirawa ke karya kumallo da shi, alhali duk suna ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda idan ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya. Cukunsu da kayan tsaminsu kuma gishiri ne zalla, gishiri kuwa ƙishirwa yake jawowa. A gaya wa ƙanwar taku tun yanzu cewa shayi da romo da kankana duk ruwa ne, suna cikin ma'aunin da likita ya yanka masa. Idan ya dawo, ku taho da rahoton wankin da aka yi masa a can, kuma a sake gwajin hanta kafin ya koma layinsa na Kano.