Na rage C: amma filin ya ƙi karɓar Linux Mint

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Laftof ɗin ƙanena ce, ta hannu anka saya, hadis 500GB, Windows 10. Furojet ɗinshi na makaranta duk shina ciki, kuma Litinin za shi kai ma malaminshi. Ina son in sa tsarin Linux Mint tare da Windows. Na rage C: (fatishan, watau ɓangaren hadis, da Windows ke ciki) da 100GB, na tada Mint daga filashi, na zaɓi "Something else" don in raba da kaina. Sai filin ya fito "unusable", alamar + ma ta ƙi dannuwa. Sau ukku ina sakewa.

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin furojet, ba ka faɗi tsarin rabon hadis ɗin MBR ne ko GPT ba. Buɗe taminal cikin Mint, rubuta sudo parted -l.

Ɗan Mabera: msdos ya nuna, watau MBR. Fatishan huɗu: System, C:, D:, Recovery.

Na Arkilla: To ga matsalar. MBR manyan fatishan (firamare) huɗu kawai yake ɗauka, na biyar ba shi da mazauni. Kwashe kayan D: zuwa hadis na waje, ka goge shi, filinshi ya haɗe da wancan 100GB. Cikinsu ka yi lojikal biyu (ƙananan fatishan da ke zama cikin gurbin firamare guda): / na Mint, 40GB, da tsarin fayil ext4, saura /home na kayanka. Fatishan na swap (filin da ke taimaka ma RAM) ba dole ba, Mint na yin fayil nata. GRUB, mai tada Mint ko Windows, ka sa shi a /dev/sda (hadis ɗin gaba ɗaya), ba sda1 ba.

Baban Ummi: Mi ya kawo wannan wahala? Ya maida hadis ɗin GPT da manhajar mbr2gpt, tun 2017 shina cikin Windows 10.

Na Arkilla: Malam, mbr2gpt ba ya karɓar hadis mai firamare fiye da ukku. Kuma in injin ba shi da UEFI (sabon tsarin tada kwamfuta), Windows ba za ta sake tashi ba.

Mai Gyara: Ku dai tambaye shi batir. A ɗauke wuta ana tsakiyar matsar da fatishan, NTFS (tsarin fayil na Windows) ta lalace, sannan a kawo ma mai gyara a ce shi ya ɓata.

Ɗan Mabera: Batirin na riƙe awa guda. D: kuwa ba ni taɓa shi, can furojet ɗin yake, kuma ba ni da hadis na waje. Recovery zan goge.

Na Arkilla: Zai buɗe gurbi, amma in Windows ta ƙi tashi ba ka da abin gyara. Fara yin filashin ceto, mai 16GB.

Ɗan Mabera: Filashi guda gare ni, kuma Mint na cikinshi.