Kullen korona: me ya yi wa zukatanku?

Maman Khadija, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. An sha maganar yunwar kullen 2020, amma ba a cika maganar damuwar da ya bari ba. Da aka rufe Kano a watan Afrilu, ga azumi ya kama, mahaifiyata ta daina barci. Tsohuwa ce da ta saba tsakar gidanta cike da jikoki, sai ga ta ita kaɗai da rediyo. Kullum a bugo waya a ce wane ya rasu, kuma ba halin zuwa gaisuwa. Ta koma cewa saura ita. Har yau in waya ta yi ƙara da asuba jikinta rawa yake. Akwai wanda ya ga irin haka?

Ɗan Kwari: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni rashin majalisa da rashin asham a masallaci suka fi ci min rai. Da aka sassauta ranakun Litinin da Alhamis, wallahi ba cefane ke fitar da ni ba, fuskar mutane nake son gani.

Baƙo daga Yamai: Mu ma an killace birni, an hana jam'i, ga dokar hana fitar dare. Fadarmu ta shayi ta watse. Wani abokinmu da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya ya daina magana, ya rame. Sai muka raba kwana, kowa da daren da zai kira shi.

Anti Nas, Kaduna: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Maƙwabta suka hana yaransu shiga gidana, ko tulun ruwana ba mai taɓawa. In na dawo aiki, a bakin ƙofa nake cire takalmi, 'yata ta rugo, in ce ta tsaya sai na yi wanka. Wannan ya fi gajiyar aikin ciwo. Maman Khadija, rashin barci da firgitar da suka daɗe haka ciwo ne, ba raunin imani ba. Ku haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Maman Khadija: Na gode Anti. Matsalar, da ta ji an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau sai ta ce mun mayar da ita mahaukaciya.

Anti Nas: To ku fara da likitan da ke duba mata hawan jini, ku gaya masa komai. Daga bakinsa za ta fi yarda.