Muhawara: Ya halatta soja ya ɗora takardun aiki da hotunan fagen daga a kafafen sada zumunta?

Malamin makaranta, Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman izinin manyanmu in dawo da maganar da ta taso jiya, bayan wani ɗan'uwa ya turo hoton wata takardar soja mai hatimi, wadda ke ɗauke da sunan bataliya da ranar tashinta, shugabannin wannan zaure namu na WhatsApp kuma suka goge ta nan take. Ban ce sun yi laifi ba, amma ina da ja a kan hujjar da aka bayar, cewa duk abin da ya fito daga hannun soja sirri ne. A watan Nuwamban 2018, lokacin da aka afka wa bataliya ta 157 a Metele da ke arewacin Borno, an kwashe kwanaki hukuma ba ta ce uffan ba, daga baya ta ce sojoji 23 ne suka rasu, alhali rahotannin jaridu suna ambaton adadin da ya ninka haka. Bidiyon da sojoji suka ɗauka da kansu, suna nuna ƙonannun motoci suna kukan tsofaffin kayan yaƙi, shi ne ya sa talakan da ke zaune a Agege ya san halin da 'ya'yansa suke ciki. Saboda haka ni a ganina, sojan da ya fitar da gaskiya domin a gyara bai ci amanar ƙasa ba.

Tsohon saje, Ojo:
Wa alaikumus salam. Malam, na karanta bayaninka, kuma na san da kyakkyawar niyya ka yi shi, sai dai ka haɗa abubuwa biyu da ba su kamata a haɗa ba. Bidiyon Metele an ɗauke shi ne bayan mai aukuwa ta auku, ita kuwa takardar jiya magana take yi a kan tafiyar da ba a yi ba tukuna. A aikin soja, sigina, wato takardar umarni irin wannan, takan faɗi yawan mutane, da yawan motoci, da lokacin da ayari zai kama hanya, wani lokaci har da inda za a tsaya shan mai. Mai shirin kwanton ɓauna ba ya neman abin da ya wuce wannan. Ba sai ya sayi ɗan leƙen asiri ba, ya ishe shi ya shiga zaure irin namu da sunan mai sayar da albasa a Mile 12, ya yi shiru yana karatu. A nan mu nawa ne muka san juna ido da ido?

Ko bidiyon da kake yabo ma, ka dubi wanda ya fi cin moriyarsa. Idan soja ya tsaya gaban tankar yaƙin da ta mutu yana cewa ba su da harsashi, jama'a za su tausaya masa, amma wanda ke cikin daji ya samu labarin da zai sa ya dawo gobe da ƙarfin gwiwa. Tun daga Dafo a Zariya ake koya wa kurtu cewa bakinsa yana cikin makamansa, kuma wayar da ke aljihunsa yanzu ta fi bakin nasa saurin kai magana.

Mai gyaran waya, Ikeja:
Baba Saje ya yi gaskiya, kuma ina so in ƙara da abin da ya shafi sana'ata. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ba a rubuta sunan wuri ba, hoto ba ya tona asiri. Wayar da aka kunna mata manunin wuri takan liƙa wa hoto ainihin inda aka ɗauke shi da lokacin. Gaskiya ne Facebook da WhatsApp sukan cire wannan bayani idan aka tura hoton yadda aka saba, amma idan aka tura shi a matsayin fayil domin kada ya dusashe, yakan tafi da komai nasa. Ko an cire ɗin ma, hoton da kansa yana magana: lambar mota, tambarin da ke kafaɗar riga, hasumiyar sadarwa da ke can baya, siffar dutse, har da inda inuwa ta faɗi. Sau da yawa sojoji sukan kawo mini waya gilashinta ya fashe, su ba ni lambar buɗewa su tafi, su bar ta a hannuna yini guda, a cikinta kuwa ga hotunan ramukan tsaro da na takardu da aka ɗauka a kan tebur. Ni ba na buɗewa, amma ba ni kaɗai ke gyaran waya a kasuwar nan ba.

Wannan ba matsalar Najeriya kaɗai ba ce. A farkon 2018 an gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, domin sojojin suna gudun safe da na'urar a hannunsu. A daren shiga shekarar 2023 kuma, makaman Yukren sun faɗa wa wani gini a Makiyivka, ma'aikatar tsaron Rasha da bakinta ta ce sojojinta 89 suka mutu, ta kuma ɗora laifin a kan amfani da wayoyin hannu da suka yi duk da an hana su. Waɗannan ba su ma ɗora takarda ba.

Matar soja:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni ba zan yi maganar dabarun yaƙi ba, domin ban san su ba, amma akwai ɓangaren da maza ba ku taɓo ba. A barikin da muke zaune, wata maƙwabciyata tana cikin dama kunun yara da safe ƙanwarta ta miƙo mata waya, sai ga hoton gawarwaki a jere a bayan mota, an rufe fuskokinsu amma ba a rufe ƙafafu da hannaye ba. Da agogon hannunsa ta gane mijinta. Babu wanda ya zo daga ofis tukuna, babu liman, babu dattijuwar da za ta riƙe ta. Wanda ya ɗauki hoton abokin aikinsa ne, kuma na tabbata cewa zai yi don duniya ta ga abin da ake yi musu ya ɗora. Malam, da girmamawa nake tambayarka, wa ya ba shi izinin gawar mijin wata? Addininmu ya ce a suturta mamaci, kuma ban ga inda aka ce ban da wanda ya mutu cikin kaki ba.

Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, mu ma da waɗannan hotunan muke sanin ko mazajenmu suna raye, idan aka yi makonni babu kira. Abin da muke tsoro shi ne kuma abin da muke kwana muna dubawa.

Malamin makaranta, Agege:
Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. 'Yar'uwa, a kan hoton gawa ba ni da ta cewa. Amma Baba Saje, ina roƙon ka amsa mini wannan. A 2014 an yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa bisa laifin bore, wasunsu kuwa abin da suka faɗa a gaban kotun soja shi ne an tura su yaƙi ba tare da isassun makamai ba. A watan Disamban 2015 aka sassauta hukuncin ya koma ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da ake tuhumar tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, a kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Idan ƙaramin soja ya ga irin wannan, ya kai kuka ga wanda ke samansa, alhali wataƙila shi ne ma abin kukan, ina zai nufa? Mu mazauna Legas kuma ba mu manta da 27 ga Janairun 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi bindiga, mutum fiye da 1,000 suka halaka, da yawansu a magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudun tsira. Abin da aka jibge a bayan katangar bariki ya shafi wanda ke kwana a wajenta.

Lauya, Obalende:
Bari in shigo da abin da doka ta ce, domin kada wani ƙaninmu da ke cikin kaki ya karanta wannan muhawara ya ɗauka cewa kyakkyawar niyya za ta fitar da shi. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, kuma ta haramta miƙa bayanan sirri ga wanda ba a ba shi izini ba. Soja kuma, ban da dokokin da suka hau kan kowa, yana ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja, ga kuma ƙa'idar da hedikwatar tsaro ta shimfiɗa a kan amfani da kafafen sada zumunta. Gaskiya ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba da kariya ga ma'aikacin gwamnati da ya fallasa almundahana ko cin zarafin ofis, amma ita kanta ta keɓe bayanan da za su iya cutar da tsaron ƙasa, kuma ba zan ba kofur shawarar ya jingina da ita ba, tunda gadirum, ɗakin tsare sojoji, zai fara kwana kafin lauyansa ya buɗe littafi.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, wanda ya jagoranci rundunar Lafiya Dole. A watan Maris na 2020 wani bidiyo ya bazu, yana tsaye a fagen daga yana bayyana irin ruwan wutar da mayaƙan Boko Haram suka yi musu. An ɗauke shi daga muƙamin, kotun soja ta same shi da laifin saɓa ƙa'idar kafafen sada zumunta, aka rage masa shekara uku daga matsayinsa, ƙaramin sojan da ke yi masa hidima kuma aka ba shi kwana 28 a tsare da aiki mai tsanani. A shekarar dai, wani las kofur ya yi bidiyo yana sukar hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, aka kama shi aka tsare. Idan janar bai tsira ba, mai igiya ɗaya ya san inda ya tsaya.

Inda nake tare da Malam shi ne, doka ta tanadi hanyar kai ƙorafi, amma hanyar tana bi ne ta hannun kwamanda, mataki bayan mataki. Muddin babu wani ofishi mai zaman kansa da soja zai kai takardarsa ba tare da sunansa ya koma teburin ogansa ba, za a ci gaba da hukunta masu ɗora bidiyo, wasu kuma za su ci gaba da ɗorawa.

Tsohon saje, Ojo:
Barista ta faɗi abin da nake nufi fiye da yadda zan iya. Malam, ba na musun cewa ana danne ƙananan sojoji, na ga alawus ya makale, na ga an hana mutum fas matarsa tana asibiti. Amma ka lura, yawancin abin da ake ɗorawa ba fallasa ba ne, burga ce. Yaro ya rataya bindiga ya ɗauki kansa a TikTok domin 'yan matan garinsu su gani, bayansa kuma ga ƙofar sansani da inda aka girke babbar bindiga. Ko matashin sojan saman Amurka da ya watsa takardun sirri a manhajar hira ta Discord, wanda aka ɗaure shekara 15 a 2024, abokan wasansa na intanet yake nuna wa cewa ya san abin da ba su sani ba. Game da Ikeja kuwa, da wani ya ɗauki hoton ma'ajiyar ya watsa, da ya nuna wa duk mai mugun nufi inda kayan suke, kuma ba hoto ne ke kwashe bama-bamai daga tsakiyar gari ba.

Ɗan jarida, Idi-Araba:
Baba, a gafarce ni, akwai abin da ya sa mutane ba sa sakin jiki da kalmar sirri. Bayan hotuna sun bazu ana cewa sojoji sun buɗe wa masu zanga-zanga wuta a ƙofar karɓar kuɗi ta Lekki a daren 20 ga Oktoban 2020, rundunar soja ta fara kiran rahotannin labaran ƙarya, daga baya wakilinta ya amsa a gaban kwamitin binciken jihar Legas cewa sojoji sun je wurin. Na san masu zanga-zanga ne suka ɗauki waɗancan hotunan, ba sojoji ba, amma darasin da jama'a suka ɗauka shi ne, abin da babu hotonsa ana iya musunsa. A watan Janairun 2019 kuma sojoji sun mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda labarin shirin ƙwato Baga, suna cewa an tona asirin yaƙi, kuma har yau 'yan jarida ba su daina gardama a kan ko ya kamata a buga labarin a ranar ba.

Abin da nake so Malam ya duba shi ne bambancin miƙa takarda da watsa ta. Hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, wani ƙaramin sojan Amurka ne ya miƙa su ga masu binciken soja a watan Janairun 2004, watanni kafin duniya ta gan su. Edita mai hankali idan takarda ta zo hannunsa zai tantance ta, ya rufe sunaye da ranaku, ya nemi jin ta bakin hukuma, wani lokaci ya jinkirta bugawa har ayarin ya isa inda za shi. Zauren WhatsApp ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma takardun bogi masu hatimin soja ma suna yawo, babu mai tsayawa ya bambance su.

Malamin makaranta, Agege:
Na ji, amma editan da kake magana a kansa shi ne wanda aka rufe wa ofis a 2019, kuma sojan da ya kai masa takarda laifi ɗaya ya yi a idon doka da wanda ya ɗora ta a Facebook. Barista, ina so ki gaya mana ko ɗan jarida zai iya ƙin bayyana sunan sojan idan kotu ta matsa masa, domin idan ba zai iya ba, to shawarar da ake ba ƙananan sojoji a nan ita ce su yi shiru, sai dai an sake mata suna.