"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya": ta dace da motsa jiki?

Uwar Biyu, Zariya: Assalamu alaikum. Likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini. Wata biyu ina zagaya fili ɗaya bayan sallar asuba, har na haddace inda kowace akuya ke kwana, daga nan ƙafa ta yi nauyi na daina. Maƙwabciyata ta zo da igiyar tsalle, ta ce mini in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yanzu ran tsalle daban, ran gaɗa da ɗiyanmu a tsakar gida daban. Amma karin maganar nan wurinta ne kuwa?

Malamin Lakwal: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni dai ban ga wurinta ba. Ana faɗinta ne in hali ya juya ya tilasta wa mutum bi, kamar farashi ya tashi ko mulki ya canza hannu. Makaɗi ke sauyawa, mai rawa bi yake. Ke kiɗanki bai sauya ba, gundura ce ta kama ki. Wadda ta dace da ke ita ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da daɗi ko ba daɗi.

Ɗan Bagalam: Malam, a gafarce ni, jiki ai shi ne makaɗin. In ka daɗe kana ba shi aiki iri guda sai ya saba, wahalar ta ragu, ƙaruwar ma ta tsaya. Kiɗa ya sauya ke nan ko ba ka ji ba. A Suwidin, wajen shekarun 1930, mai horar da 'yan gudu Gösta Holmér ya fito da fartlek, wato wasa da sauri: ka zabura daga nan zuwa waccan bedi, ka sassauta, ka sake zabura in ka ga dama. Har yau manyan 'yan gudu na yin sa.

Tsohon Ɗan Kokowa: Yaro ya yi gaskiya, amma ba sai mun je Turai ba. Garinmu ɗaya da Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauko takobin gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975. Mu da muka taso bayansa, da rani cikin yashin gulbi muke langa: ƙafa ɗaya riƙe a hannu ta baya, kana tsalle kana kare kanka kada a ture ka. Minti biyar cinya ta ɗau wuta, amma dariya ba ta bari ka ji. Ƙarfin tsayuwar da na yi kokowa da shi can na samo shi. Sai dai ki yi hattara, ɗiyata, mai hawan jini ba ya fara tsalle da ƙarfi, ki shaida wa likitanki tukuna.

Malamin Lakwal: Baba, na yarda wasa na riƙe mutum. Kan ma'anar kam ina nan inda nake.

Uwar Biyu: Na gode, Baba, ran Litinin zan koma asibiti in tambaya. Malam, jiya na duba agogo muna gaɗa, minti 40 muka yi ban sani ba. Suna shiga cikin 150 ɗin?

Malamin Lakwal: In numfashi ya ƙaru, zuciya ta buga da sauri, suna shiga, Hajiya.